William Jennings Bryan: Lauyan Talakawa da Shari'ar Biri

 A cikin wannan ɗan littafi za mu ba ka labarin wani mutumin Amurka wanda ya rasu tun shekara ta 1925. Sau uku ya nemi shugabancin ƙasarsa, sau uku ya faɗi. A ƙarshen ransa kuma ya shiga wata shari'a a kan abin da za a koya wa yara a lakwal game da asalin mutum. Ya ci shari'ar, amma duniya ta yi masa dariya. Watakila ka ce, ina ruwan manomin Maraɗi ko na Tawa da wannan? Yi haƙuri ka karanta. Tambayar da ta sha masa kai ita ce ɗanka ko 'yarka za su zo maka da ita wata rana, sa'anda suka dawo hutu daga kwaleji da littafin kimiyya a jaka.

Gidan da ya tashi

An haifi William Jennings Bryan ran 19 ga Maris 1860, a wani ƙaramin gari mai suna Salem, cikin jihar Ilinoi. Ubansa Silas alƙali ne, yana kuma da gona babba. Mai bi ne na ikilisiyar Baftis, wanda ya ɗaure wa kansa yin addu'a sau uku kowace rana. Uwar 'yar Metodis ce, ita ce kuma ta koya wa yaron karatu a gida har ya shekara 10. Da ya shekara 14, aka yi taron farkawa a wata majami'ar Presbiteriya ta garinsu, a nan ya ba da ransa ga Almasihu. Bai taɓa shan giya ba har ya mutu.

Kada ka zaci bai san shakka ba. Sa'anda ya ke kwaleji ya ji koyarwar da ta girgiza shi, har ya rubuta wa Robert Ingersoll takarda, wani mashahurin mai lacca wanda ba ya gaskata da Littafi Mai Tsarki, yana tambayarsa game da Allah da rai bayan mutuwa. Amsar da ya samu ba ta ƙosar da shi ba. Ya koma ga surar farko ta Littafin Farawa, ya kafa ƙafarsa a nan.

Ya gama kwaleji a 1881, ya gama karatun lauya a Shikago a 1883, ya auri Mary Baird a 1884. Ita ma ta yi karatun lauya domin ta taimake shi, da ita ya ke shirya jawabansa. A 1887 suka ƙaura yamma zuwa Linkon, cikin jihar Nebraska, ƙasar manoman masara da alkama. A 1890 mutanen wurin suka zaɓe shi ɗan majalisar ƙasa, yana da shekara 30.

Bashin manoma

Idan kai manomi ne, za ka gane abin da ya tarar a Nebraska ba sai an yi maka dogon bayani ba. A zamanin nan kuɗin Amurka a ɗaure ya ke da zinariya, watau gwamnati ba ta fitar da kuɗi sai gwargwadon zinariyar da ke hannunta. Zinariya kuwa kaɗan ce, jama'a da amfanin gona suna ta ƙaruwa. Sai kuɗi ya yi tsada, hatsi ya yi arha. A misali, mutum ya ci bashin da ya yi daidai da buhu 10. Kafin ya biya, farashi ya faɗi, sai ya sayar da buhu 15 kafin ya rabu da mai bashi. Ga kuma kamfanonin jirgin ƙasa suna sa kuɗin dako yadda suka ga dama, gama ba wata hanyar kai amfani kasuwa. Manoma da yawa suka rasa gonakinsu.

Bryan ya ce a buga kuɗi da azurfa kuma, domin kuɗi ya yalwata, bashi ya yi sauƙin biya. A watan Yuli 1896 jam'iyyarsa ta Dimokurat ta yi babban taro a Shikago domin ta tsai da ɗan takara. Ya tashi ya yi jawabi, ba na'urar ƙara murya, amma har na ƙarshen zauren suna jinsa. Ya kwatanta dokar zinariya da rawanin ƙaya a kan ma'aikaci, da gicciye kuma wanda a ke so a kafa 'yan Adam a kai, ya miƙe hannuwansa biyu ya tsaya shiru. Zauren ya rikice da sowa. Kashegari suka tsai da shi, yana da shekara 36.

Abokin takararsa, William McKinley, ya zauna a ƙofar gidansa, masu arziki suna zuba masa kuɗi ninki da yawa bisa ga abin da Bryan ya samu. Shi kuwa Bryan ya shiga jirgin ƙasa, ya yi tafiyar kilomita wajen 29,000, yana tsayawa tasha tasha yana magana da talakawa. Ya sami ƙuri'a wajen miliyan 6 da rabi, McKinley ya sami fiye da miliyan 7. Ya sake gwadawa a 1900, ya faɗi. A wannan karo ya yi ta faɗa da ƙasarsa saboda ta kama tsibiran Filifin ta mai da su ƙasar mallaka. Ya gwada na uku a 1908, ya faɗi.

Amma dubi abin mamaki. Abubuwa da dama da ya yi ta kira a yi, waɗanda a ka ce na mahaukata ne, daga baya sun shiga tsarin mulkin Amurka. Haraji bisa ga yawan abin da mutum ya samu ya shiga a 1913. A shekaran nan kuma aka ba talakawa ikon zaɓen 'yan majalisar dattawa da kansu. Mata suka sami ƙuri'a a 1920. Hana sayar da giya ya shiga a 1919, sai dai wannan bai daɗe ba, an soke shi a 1933. Mutane suka sa masa laƙabi mai ma'anar babban talaka.

A 1913 Shugaba Woodrow Wilson ya naɗa shi ministan harkokin waje. A liyafar jakadu ya ƙi ba da giya, sai ruwan inabi marar sa maye, jaridu suka yi ta yi masa ba'a. Ya ƙulla yarjejeniya da ƙasashe 30, cewa idan rigima ta tashi za a dakata shekara guda ana bincike kafin a ɗauki bindiga. Sai ga babban yaƙi ya ɓarke a Turai a 1914. A watan Mayu 1915 Jamusawa suka nutsar da jirgin ruwa mai suna Lusitania, mutum kusan 1,200 suka mutu, 128 daga cikinsu Amurkawa. Wilson ya aika wa Jamus da takardu masu zafi. Bryan ya ga hanyar nan yaƙi ta nufa, ya ajiye aikin a watan Yuni. Ka san ba kowane babba ke iya barin kujera saboda lamirinsa ba.

Mutum tara ya ke

Ba za mu ɓoye maka wani abu ba, gama Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye zunubin Dawuda ba. Wannan mutum da ya yi ta kuka domin talakawa, bai yi kuka domin baƙaƙen fatar ƙasarsa ba. A jihohin kudu, inda jam'iyyarsa ta fi ƙarfi, an hana jikokin bayi yin zaɓe, an ware su a lakwal da jirgin ƙasa da asibiti. Bryan ya yarda da wannan, har ya kāre shi. A taron jam'iyya na 1924 wasu suka kawo shawara a la'anci ƙungiyar Ku Klux Klan da sunanta, ƙungiyar da ke tsoratar da baƙaƙe da Yahudawa da 'yan Katolika. Bryan ya tashi ya roƙi taro kada a ambaci sunan, don kada jam'iyya ta rabu. Ya san abin da Yakubu ya rubuta a kan nuna bambanci (Yakubu 2), ya koyar da Littafi shekara da shekaru, amma a nan idonsa ya rufe. Ka riƙe wannan a zuciya, gama za mu sake cin karo da shi.

Me ya haɗa shi da Darwin?

Charles Darwin mutumin Ingila ne. A 1859 ya fitar da littafi a kan asalin ire-iren halitta, a 1871 kuma wani a kan asalin mutum. Abin da ya koyar, wanda a ke kira juyin halitta, shi ne cewa masu rai suna sākewa kaɗan kaɗan daga tsara zuwa tsara. Waɗanda jikinsu ya fi dacewa da wurin zamansu su ne ke rayuwa su haifu, har bayan dogon zamani sabon iri ya fito. Mutane sukan ce Darwin ya ce biri ne ya haifi mutum. Ba haka ya faɗa ba. Cewa ya yi mutum da birai sun fito daga kaka guda na can da can. Ya kamata ka san wannan, domin kada yaronka ya kama ka da faɗin abin da ba ya cikin littafinsa.

Shekaru da yawa Bryan bai ɗauki abin da zafi ba. Yaƙin 1914 ne ya sāke shi. Wani masanin dabbobi Ba'amurke, Vernon Kellogg, ya zauna da hafsoshin Jamus lokacin yaƙin, ya rubuta a 1917 yadda ya ji suna cewa dokar halitta ce mai ƙarfi ya murƙushe marar ƙarfi. Bryan ya karanta. Ya kuma karanta binciken wani malami, James Leuba, na 1916, wanda ya nuna bangaskiyar 'yan kwaleji tana raguwa gwargwadon daɗewarsu a makaranta. Iyaye suna ta rubuto masa cewa sun aika da yaro mai addu'a, ya dawo yana ba'a.

Tsoronsa ba na banza ba ne. A zamanin, manyan masu ilimi suna koyar da cewa a hana matalauta da masu raunin hankali haihuwa domin a gyara iri, kamar yadda makiyayi ke dandaƙe bajimin da ba ya so. A 1927 babban kotun Amurka ya halatta haka, kuma mutum fiye da 60,000 aka yi wa aikin hana haihuwa tilas a ƙasar. A 1906 an sa wani mutumin Kwango, Ota Benga, a ɗakin birai na gidan dabbobin birnin Niu Yok domin 'yan kallo, sai da fastoci baƙaƙe suka tashi tsaye kafin a fitar da shi. Littafin kimiyya da a ke koyarwa da shi a lakwal na jihar Tenesi, na wani George Hunter, ya jera 'yan Adam kashi biyar, ya sa Turawa a bisa duka. Bryan ya ga daidai sa'anda ya ce koyarwar da ta mai da ƙauna wauta za ta cinye talaka. Abin baƙin ciki, wanda ya ga wannan a littafin wani, bai gan shi a dokokin jam'iyyarsa ba.

A faɗi gaskiya kuma ta ɗaya gefen. Darwin kansa ya ƙi jinin bauta ƙwarai. Masu bayi da yawa kuwa da Littafi Mai Tsarki a hannu suka kāre cinikinsu, suna murɗa labarin Nuhu da Ham. Masanan yau sun watsar da jeren nan na Hunter. Binciken jini da ƙwayoyin gado ya nuna musu dukan 'yan Adam dangi ɗaya ne, abin da Bulus ya faɗa wa mutanen Atina tun da daɗewa (Ayyukan Manzanni 17:26).

Daga 1921 Bryan ya shiga yawo yana lacca a kan wannan magana. A lokacin ya koma Mayami a jihar Fulorida saboda ciwon gaɓoɓi na matarsa, inda ya ke koyar da ajin Lahadi a fili, dubban mutane suna zuwa. Bai nemi a tilasta koyar da Littafin Farawa a lakwal na gwamnati ba. Abin da ya nema shi ne kada a koya wa yara cewa tabbas mutum daga dabba ya fito. Hujjarsa ita ce, iyaye ne ke biyan haraji, da harajin a ke biyan malami, saboda haka mafi yawan iyaye su ne za su faɗi abin da za a koyar.

Tsaya ka auna wannan hujja, ɗan'uwa. Tana da daɗin ji a inda masu bi suka fi yawa. Amma mu a nan ƙasar ba mu da yawa. Da za a ce mafi rinjaye su yanke abin da kowane yaro zai koya game da Allah, wa zai fara kuka? Ko cikin ikilisiyarsa ma ba kowa ya bi shi ba. A 1923 ya nemi shugabancin babban taron Presbiteriya, ya faɗi da ƙuri'a kaɗan a hannun Charles Wishart, shugaban wata kwalejin ikilisiya inda a ke koyar da juyin halitta.

Kwana goma sha biyu a Dayton

A Tenesi wani manomi ɗan majalisa, John Butler, ya kawo doka, gwamna ya sa hannu ran 21 ga Maris 1925. Dokar ta hana malamin gwamnati ya koyar da cewa mutum ya fito daga dabba, ko ya musanta halittar mutum yadda Littafi ya faɗa. Tara daga dala 100 zuwa 500, dalar Amurka ke nan, ba tamu ta kasuwa ba. Bryan ya ba da shawara kada a sa tara ko kaɗan, ba a ji shi ba.

Wata ƙungiyar kāre 'yanci a Niu Yok ta yi shela a jarida tana neman malamin da zai yarda a yi ƙararsa domin a gwada dokar. Wasu 'yan kasuwa na Dayton, garin da bai kai mutum 2,000 ba, suka ga hanyar jawo baƙi da ciniki. Suka kira John Scopes, saurayi mai shekara 24, mai koyar da lissafi da kimiyya da wasan ƙwallo, ya yarda. Daga baya shi da kansa ya ce bai tabbata ya taɓa koyar da darasin ba. Ka ga shari'ar tun daga tushenta shiri ce. Bryan ya zo ya taimaki masu ƙara, ko da ya ke ya yi wajen shekara 30 bai tsaya gaban alƙali ba. Clarence Darrow, lauyan da ya fi kowa suna a ƙasar, wanda ba ya gaskata da Littafi, ya zo kāre Scopes kyauta.

Aka fara ran 10 ga Yuli, cikin zafi mai tsanani. 'Yan jarida wajen 200 suka cika garin. Wani gidan rediyo na Shikago ya watsa shari'ar kai tsaye, abin da ba a taɓa yi ba a Amurka. Masu talla suna sayar da 'yar tsanar biri, wani har ya kawo biri mai rai sanye da kwat. Daga nan sunan Shari'ar Biri ya fito. Darrow ya kawo masana domin su ba da shaida, alƙali John Raulston ya hana, ya ce tambaya ɗaya ce a gabansa, ko Scopes ya karya doka ko bai karya ba.

Ran Litinin 20 ga wata, saboda zafi da tsoron kada daɓen bene ya rufta da jama'a, alƙali ya fitar da zaman waje ƙarƙashin itatuwa. Nan Darrow ya yi abin da ba wanda ya zata. Ya kira Bryan kansa ya zauna a kujerar shaida, a matsayin masanin Littafi Mai Tsarki. Abokan aikinsa suka ce kada ya yarda. Ya yarda, gama yana gudun a ce ya ji kunyar Maganar Allah.

Wajen sa'a biyu Darrow yana yi masa tambayoyi a gaban dubban mutane. Yaya kifi ya haɗiye Yunusa? Da Joshuwa ya tsai da rana, ba duniya ce ta tsaya ba, me kuwa zai faru da ita in ta tsaya? Ina Kayinu ya sami mata? A wace shekara aka yi ruwan tufana? A kan mu'ujizai Bryan ya tsaya daram, ya ce Allahn da ya yi kifi da mutum yana da iko ya yi da su abin da ya nufa. Wannan amsa ce mai kyau. Amma da aka zo kan tarihin Masar da na Sin, da shekarun duwatsu, da abin da sauran addinai ke koyarwa, sai ya yi ta amsawa cewa bai bincika ba, bai kuwa damu ya bincika ba. Jama'a suka yi dariya, har da waɗanda suka zo dominsa. Mutumin da ya shekara huɗu yana yaƙi da wani ilimi, ashe bai zauna ya koye shi ba.

Sai Darrow ya tambaye shi ko cikin kwana shida masu sa'a 24 aka yi duniya. Bryan ya ce a ganinsa kwanakin nan suna iya zama dogayen zamanai, ko da na miliyoyin shekaru. Wasu masu bi suka ji kamar ya bashe su. Amma ba sabon ra'ayi ya ƙago don tsoro ba, haka ya ke gani tun dā, haka kuma malaman Littafi da yawa na zamaninsa suka gani. Lissafin nan na shekara 4004 kafin haihuwar Almasihu, wanda a ke bugawa a gefen shafin wasu Littattafai na Turanci, aikin wani bishop ne mai suna Ussher a wajen 1650. Ba ya cikin nassin.

Ga inda labarin ya iso ƙofar gidanka. A hamadar Gadufawa, gabas da Agadas, an tono ƙasusuwan manya manyan dabbobi da babu irinsu yanzu, wanda ya je gidan tarihi na Yamai ya gani da idonsa. A Cadi, a 2001, an sami ƙoƙon kai wanda a ke kira Tumai, masana suna ba shi shekara wajen miliyan 7. Kusan dukan masanan halitta na duniya sun karɓi juyin halitta, shi ne kuma yaronka zai rubuta a jarrabawa. Masu bi na gaskiya sun rabu a kan yadda za a fahimci wannan. Akwai masu riƙe da kwana shida sosai, akwai masu ra'ayin Bryan na dogayen zamanai, akwai kuma masu cewa juyin halitta hanya ce da Mahalicci ya yi aiki da ita. Abin da ya haɗa su duka shi ne, Allah ne ya yi sama da ƙasa, ya yi mutum cikin kamaninsa, mutum ya faɗi cikin zunubi, Almasihu kuma ya mutu ya tashi domin ya fanshe shi. In yaro ya zo da tambaya, kada ka daka masa tsawa, kada kuma ka ƙaga amsa. Ka sa ya karanta maka darasin, ku buɗe Farawa 1 da 2 tare, abin da ya fi ƙarfinku ku kai wa fasto ko wani mai bi da ya yi karatun kimiyya. Bitrus ya ce mu zauna da shirin ba da amsa, ya kuma ce mu ba da ita da tawali'u (1 Bitrus 3:15). Yaron da aka kore shi da tambayarsa zai kai ta wani wuri.

Kashegari alƙali ya share shaidar Bryan daga takardun shari'a. Darrow kuwa ya roƙi masu yanke hukunci su kama Scopes da laifi, domin ya sami hanyar ɗaukaka ƙara. Da wannan dabara ya hana Bryan karanta dogon jawabin da ya daɗe yana shiryawa. Cikin minti 9 aka gama shawara, aka ci Scopes tarar dala 100. Bryan bai riƙe saurayin a zuciya ba. Scopes ma a Salem ya gama sakandare, Bryan ne kuwa ya yi jawabi a bikin gamawarsu a 1919.

Bayan shari'a

Bryan bai bar yankin ba. Ya kai jawabinsa wurin masu buga littafi, ya yi wa taron jama'a magana a garuruwan kusa. Ran Lahadi 26 ga Yuli ya je sujada a majami'ar Metodis ta Dayton, aka ba shi addu'a ya yi. Ya ci abincin rana, ya kwanta ya ɗan huta, bai farka ba. Yana da shekara 65, ya daɗe kuma da ciwon sukari. Jirgin ƙasa ya ɗauki gawarsa zuwa Washinton, talakawa suna tsaye a tashoshi suna ban kwana, aka binne shi a makabartar sojoji ta Arlington. Wani ɗan jarida mai kaifin alƙalami, H. L. Mencken, ya bi shi da zagi har bayan mutuwa. A 1955 aka yi wasan kwaikwayo a kan shari'ar, a 1960 aka mai da shi siliman, inda aka sāke sunaye aka nuna mai kama da shi kamar wawa mai mugunta. Da wannan hoto mutane da yawa suka san shi.

A 1927 babban kotun Tenesi ya tabbatar da dokar, amma ya soke tarar, domin alƙali ne ya yanka ta maimakon masu yanke hukunci. Jihohin Misisipi da Arkansas suka yi irin dokar. Masu buga littattafan lakwal suka rage zancen Darwin don kada su rasa ciniki, har sai da Rasha ta harba tauraron ɗan Adam a 1957, Amurka ta tsorata ta sabunta koyar da kimiyya. Tenesi ta soke dokarta a 1967. A 1968 babban kotun ƙasa ya rushe ta Arkansas. Sai wasu jihohi suka ce a koyar da halitta da juyin halitta kafaɗa da kafaɗa, kotun ya hana wannan ma a 1987, ya ce tsarin mulki bai yarda gwamnati ta koyar da addini ba. A 2005 wani kotu a jihar Pensilbaniya ya sake yanke irin wannan hukunci.

Siyasar kuma ta juya. Bryan ɗan Dimokurat ne, abokin faɗan bankuna da manyan kamfanoni. Amma daga wajen 1979, sa'anda Fasto Jerry Falwell ya kafa ƙungiyarsa ta siyasa, yawancin Turawan Amurka masu bin bishara suka koma jam'iyyar Rifablikan, ta masu ra'ayin riƙau, wadda Bryan ya yi takara da ita sau uku. A 1980 ɗan takararta Ronald Reagan ya faɗa a fili cewa yana shakkar juyin halitta. Sun gāji faɗan Bryan na lakwal. Faɗansa domin manomi mai bashi kuwa, kaɗan ne suka ɗauka.

Mary ta ƙarasa rubuta tarihin mijinta, ta rasu a 1930. A shekaran nan aka buɗe kwalejin Kirista a Dayton da sunansa. 'Yarsu Ruth ta zama 'yar majalisar ƙasa, a 1933 kuma aka aike ta Denmak, mace ta fari da ta shugabanci ofishin jakadancin Amurka a wata ƙasa. Scopes ya bar koyarwa, ya yi karatun duwatsu, ya yi aiki da kamfanonin mai har ya tsufa, ya rasu a 1970. A 2005 mutanen Dayton suka kafa mutum-mutumin Bryan a filin gidan shari'ar. A 2017 aka kafa na Darrow a ɗaya gefen filin.